Huɗu, In Ji Inna

Takalman na fara gani. Baƙaƙe ne, rufaffu, masu ɗan tudu a dunduniya, an jere su daidai a ƙofar ɗakin Inna, laka ta bushe a gefensu. A gidanmu na ƙauye ba mai sa irin waɗannan. Silifas ake sawa, in ya tsinke a soka masa ƙusa a ci gaba da tafiya. Ina ganin takalman nan na san masu ƙidaya sun riga ni isowa.

Daminar da na gama aji uku na ƙaramar sakandare ke nan. Ranar da za a ba mu hutu shugabar makarantarmu ta tara mu a ƙarƙashin dalbejiya, ta ce gwamnati na bin gidaje tana binciken halin da mata da yara suke ciki, don ta san yadda za ta tsara asibitoci da makarantu. Ta ce daga wannan rubutu za a duba 'yan matan da suka gama aji uku, a ba wasu gurbi a makarantar kwana. "Wadda ba ta cikin rubutun," in ji ta, "gwamnati ba ta san an haife ta ba." Ni kuwa makarantar kwanan nan ita ce abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Har na zaɓi kalar akwatin da zan tafi da shi, alhali ba wanda ya ce zai saya mini.

Ni ce 'yar fari a wurin iyayena. Tun da aka yaye ni Kaka, wadda ta haifi Inna, ta ɗauke ni zuwa Bodinga, a hannunta na girma. Iyayena suna wani ƙauye bayan Kajiji, sai da hutu nake zuwa. Ranar da masu ƙidaya suka shiga gidan Kaka ina Islamiyya. Da na dawo na tambaye ta ko ta ba da sunana.

"Sun ce su wa ka kwana gidanga, nic ce ni da awakina."

"Kaka, ni fa?"

"Ke baƙuwa ta. In ce ke tawa ta, ubanki na da rai? Gidan ubanki na Kajiji, can za a rubuta ki."

Shekara goma sha uku ina share mata tsakar gida ina wanke mata kwanuka, ashe baƙunta nake yi. Ban ce komai ba, don ni rashin cewa komai shi ne babbar sana'ata. A aji malamai kan manta ina nan har sai an raba takardun jarrabawa sun ga suna. Kaka dai ta ga idona ya cika, ta yi tambaya a unguwa, aka ce masu ƙidaya sun nufi ƙasar Shagari. Da safe ta sa ni a mota zuwa Kajiji, daga nan na hau kabu-kabu, muna kewaye kududdufai gero na dukan gwiwoyina, har ƙofar gida.

Na yi sallama da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba, na shiga ɗakin. Inna na zaune bakin gado da autarta a cinya. Ƙannena uku sun jeru jikin bango sun ƙura wa baƙuwar ido. Mai takalman tana kan tabarma, doguwar mace mai tabarau, da riga marar hannu a kan atamfarta, ta ɗora wata faffaɗar waya a gwiwa tana latsawa. Matan garin sun riga sun raɗa wa wayar suna, allon gwamnati. Daga wata ma'aikata a Sakkwato aka turo ta. Hausarta ta bariki ce, tana cewa "yaran ki" maimakon "ɗiyanki", tana jan baƙi, amma fuskarta a sake take, kowa Malama yake ce mata.

Na durƙusa na gaida Inna. Ta amsa tana kallon bango, kamar yadda ta saba. Ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta yi mini magana sai ta bi ta kan wani. Haka uwa ke yi wa ɗan fari a wurinmu, kunya ce, kuma wadda ta fi iya ta ita ake yabo. Ta juya ga ƙanwata ta ce, "Ba waccan ruwa, ta sha hanya."

Malama ta ɗago ta dube ni, ta ga hijabin makaranta, ta yi murmushi.

"'Yar makaranta ce? Madalla. Zo ki taimake ni, yaran nan tsorona suke."

Ta miƙo mini wani ɗan tef mai kala uku, kore da rawaya da ja, ta nuna mini yadda ake zagaya shi a damtsen yaro. Wani daɗi ya rufe ni. Ga ni dai daga zuwa na zama ma'aikaciyar gwamnati. Na auna auta, tef ya tsaya a kore, na faɗa da Turanci don a san an yi boko. Malama ta ce na iya.

Sai ta koma kan tambayoyinta. Ina kuke ɗebo ruwa? Gidan sauro nawa gare ku? Wa ya karɓi haihuwar auta? In yaro ya yi zazzaɓi ina ake kai shi? Inna na amsawa a taƙaice. Ni kuwa na gyara zama, na share maƙogwaro a ɓoye, ina jiran a zo kaina.

"Yara nawa kika haifa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta kama wani zare da ya fito a bakin zanen gado tana murza shi tsakanin yatsu.

"Huɗu."

"Babban shekararsa nawa?"

"Sha ɗaya," ta nuna ƙanena da haɓa.

Na san haka za ta ce. Da ta ce biyar a gabana, da washegari an yi ta labarinta a bakin rijiya. Amma sani daban ne, ji da kunne daban. Na kalli ƙannena, na ƙirga su da ido kamar mai fatan lissafin zai canza: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Malama ta latsa allonta, na ga lambar ta zauna a gurbinta.

Sannan Allah ya ba ni dama a hannu, Malama ta juyo ta ce, "Ke fa, 'yar gidan nan ce?"

Abin da za a ce bai fi kalma ɗaya ba. Na dubi Inna, ta ƙara murza zarenta. In na ce e, na mai da uwata maƙaryaciya a gaban baƙuwa, na kuma tona abin da ta yi shekara goma sha biyar tana rufewa. Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Daga Bodinga nike."

"A'a, to ai an rubuta ki can. Mun gama Bodinga tun jiya."

Na gyaɗa kai. Na gyaɗa shi har sau biyu, don kada ta yi shakka. Har yau in na tuna wannan gyaɗa kan sai in ji kamar in ciji yatsa. Kuɗin mota da na kabu-kabu Kaka ta biya don in zo in ba da shaida da kaina cewa ba ni nan.

Malama ta tattara kayanta, ta ce akwai gidaje goma da suka rage mata, ga shi yaron mai unguwa da aka haɗa ta da shi ba ya shiga cikin gida. Tana sa takalmi sai Inna ta ɗaga murya, wai da ƙanwata take:

"Ce ma waccan ta raka Malama, ta ɗaukam mata jaka. Ki ce mata kuma wanda yaz zo ɗibar wuta ba shi komawa da toka."

Ƙanwata ta juyo ta maimaita mini kalma bayan kalma, kamar ba a ɗakin nake ba. Na ɗauki jakar na bi Malama, ina tunanin wace wuta kuma, ga hantsi ya yi ba wanda ke girki. Ni da nake zuwa ta ɗaya a darasin Hausa, na ci maki cikakke a karin magana.

Gida na gaba na Goggo ne, yayar mahaifina, mace mai murya kamar ganga. Tana ganina ta tafa hannu.

"Lale da 'yar boko! An ba ki aikin gwamnati halan? Albashin hwa, a raba da ni, ni na yi ma uwarki wankan jego."

Malama ta yi dariya ta zauna. Da aka zo kan 'ya'ya Goggo ta ɗaure fuska, ta ce ita ba ta son ƙirga ɗiya, baki na kama su, amma tunda gwamnati ce, shida. Goggo bakwai gare ta. Babbar tana tsakar gida a lokacin tana surfa gero, sautin turmin yana shigowa ɗakin, dum, dum, kamar tana buga wa gwamnati ƙofa. Ba wanda ya dube ta.

Da Malama ta fita duba randa da gidan sauro, na matsa kusa da Goggo na raɗa mata abin da ya faru. Na ce ta taimake ni ta faɗa.

Ta ƙyalƙyale da dariya har ta riƙe ciki. "Ni? Gwamnati ta tambaye ni nawa, ba ta tambaye ni na ƙanena ba. Ke da kinka yi shekara tara ana biya maki karatu, mi ad da bakinki? An ɗunke shi Bodinga?"

"Goggo, kunya nika ji."

"Uwarki na kunya, ke kina kunya, Kakarki na kunya. To ku haɗu ku ukku ku kai kunyar makarantar kwana, a ba ta gado."

Haka muka ci gaba, gida bayan gida. Ni nake yin sallama, ni nake shimfiɗa tabarma, ni nake auna damtse. Kuma a kowane gida ina kallon ɗan fari yana ɓacewa. Na san su duka, da wasunsu muka yi wasan ƙasa. Wani yana gona tare da ubansa, wata tana riƙo a Dingyaɗi, wata ma ita ta kawo mana ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta ajiye ta fita, uwarta ta ƙirga ta tsallake ta. Wata amarya mai goyon fari, jaririn yana bayanta yana barci, da aka tambaye ta sai ta rufe fuska da mayafi ta ƙi magana sam, sai da surukarta ta amsa mata. Wannan kaɗai ya tsira, shi ma don an gan shi a ɗaure.

A gida na shida, muna fitowa, maganar wuta da toka ta faɗo mini a ka. Na tsaya cik a tsakiyar lungu. Ashe Inna ta san abin da ya kawo ni. Ita ba za ta iya faɗa ba, sai ta haɗa ni da matar, ta ba ni jakarta, ta ba ni yini guda. Ta yi nata. Saura ni, ga ni nan ina bin bayan Malama kamar akuyar da aka saya a kasuwa.

Daga nan na fara haɗa jimla. Na yanke shawarar in yi ta da Turanci, don na lura kunya ba ta kama ni sosai a Turanci, kamar ba ni ke maganar ba. Na jera ta a zuci, na gyara, na sake jerawa. Duk lokacin da na buɗe baki sai Malama ta ce miƙo tef, ko wani yaro ya fashe da kuka, sai in ji sanyi a raina cewa ba laifina ba ne.

Da azahar muka zauna a inuwar wata tsamiya. Ƙanwata ta biyo mu da ƙwaryar fura, ta ce Inna ta ce a kawo wa Malama. Na leƙa ciki na ga an dama ta da kauri, ba a sa sukari ba, yadda nake so tun ina ƙarama. Malama ta kurɓa ta ɗan yamutsa fuska ta miƙo mini, na shanye.

Tana duba allonta sai ta ce, "Kin san na gano wani abu a garin nan?"

Na ce a raina ta gano ni.

"Matan nan suna daɗewa ba su haihu ba bayan aure. Dubi ta farkon nan, auren shekara goma sha shida, babban ɗanta sha ɗaya. Kusan duk haka suke, shekara huɗu, shekara biyar. Ban ga haka a cikin gari ba. Sai na rubuta a rahotona, wataƙila a turo likitoci su duba, ko ruwan da suke sha ne."

Ta faɗi haka tana murna, irin murnar wanda ya tsinci abu a hanya. Shekara biyar ɗin nan da take mamaki, ga su zaune kusa da ita da fura a leɓe. Na ce, "Ikon Allah." Abin da na ce ke nan. Gwamnati na shirin turo likitoci su binciki rijiyar garinmu saboda ni da ire-irena, ni kuma na ce ikon Allah.

Ta ƙara da cewa da la'asar masu babur za su zo su kai ta bakin titi, da zarar ta samu sabis a Kajiji za ta tura duk aikin yau, in ya tafi kuma ya tafi, ko ita ba ta da ikon taɓa shi. Na kalli inuwar tsamiyar, ta fara karkata gabas.

Gidaje huɗun da suka rage ban san yadda muka yi su ba. Na auna wani yaro a ƙafa maimakon hannu, sai da uwarsa ta ce, "'Yar nan lahiya?" Na yi sallama a gidan da muka riga muka shiga. Jimlar Turancina ta yi tsawo har ta kai layi huɗu, tana da gaisuwa da ban haƙuri da godiya, na san ko a gaban madubi ba zan iya kai ta ƙarshe ba.

Aka kira la'asar. Masu babur biyu suka tsaya a ƙofar gidan mai unguwa. Mai unguwa ya fito da dattawa, aka yi ta godiya, a gaida manya, Allah shi kai lahiya. Malama ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta hau bayan babur, ta miƙo hannu don ta karɓi jakarta.

Ban saki ba. Ba shawara na yi ba, hannuna ne kawai ya ƙi buɗewa. Ta ja, na riƙe. Ta sake ja tana dariya, ta zaci wasa nake. Mai babur ya waiwayo ya ce, "Ke, ɗiyar mutane, hadari na tasowa, sakam mata kaya."

Turancin nan kaf ya gudu. Abin da ya fito, da wata siririyar murya kamar ta ɗan tsako, shi ne, "Ni ta biyar."

"Ta biyar ɗin me?"

"Gidan farko. Innata ta. Ni ta haifa da fari."

Ta sauko daga babur. Ta ja ni gefe, bayan wani rumbu, nesa da dattawan, ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambaye ni ko faɗa muka yi da uwata, ko kuwa ba ta so na ne. Wannan tambaya ita ta kunce mini harshe, don ba zan bari a tafi Sakkwato da wannan zato a kan Inna ba. Na gaya mata uwa ba ta ƙirga ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ko da shi ne ya fi soyuwa a ranta. Na gaya mata mai surfen gidan Goggo, da wadda ta kawo mana ruwa, da na gona. Na gaya mata a Bodinga ma ba a rubuta ni ba, Kaka da awakinta kawai aka sani. Na gaya mata makarantar kwana. Ina magana ina kallon yatsun ƙafata, ban taɓa yin doguwar magana irin wannan da babba ba.

Ta buɗe allon tana jan shi da yatsa, gida bayan gida.

"Duk gidajen?"

"Ban da na amarya."

"Kina tare da ni tun safe." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Har na ce miki a turo likitoci."

"Na ce ikon Allah."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da gyale, sannan ta yi ajiyar zuciya ta dubi sama, inda hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ta ce sauran gidajen sai ta kira shugabanta ta ga ko za a bar ta ta dawo gobe. Nawa kuwa akwai matsala. Ƙa'idar aikinsu ita ce ba a rubuta ɗa sai uwa ta amsa shi da kanta. Ba za ta iya ƙara ni don na faɗa ba, ko don Goggo ta faɗa.

"In na koma na sake tambayarta, za ta ce biyar?"

"Ba ta cewa. Ko an shekara ana tambaya."

"To ya za mu yi? Masu babur na jira."

Na ji mai babur yana danna hon. Har lokacin jakar tana hannuna, igiyarta ta yi mini shata a tafi. Na ɗago kai, karo na farko tun safe na dubi fuskarta sosai.

"Malama, don Allah mu koma, ba nisa. Kada ki tambaye ta nawa ta haifa. Ki nuna ni kawai, ki ce mata wannan ba taki ba ce, ko? In ba tata ba ce za ta ce e. In kinka ga ta yi shiru ta sunkuyar da kai, don Allah ki rubuta biyar."